Kwabban da Inna Ta Wanke

Akwai lokacin da in ka shigo layinmu a Tudun Wada ka ce gidan Malama mai kwabo kake nema, ba za ka sha wahalar kwatance ba. Ba don yabo aka laƙaba mini sunan ba, na kuma sani sarai. Amma ni mutum ce da in aka yi mini dariya a kan abu, to an ƙara mini ƙaimi ke nan. Na amsa sunan, na ci gaba da abin da ke gabana.

Koyarwa nake yi a wata firamare. Bayan rasuwar maigidana na tattara na dawo gidanmu, inda na tarar da mahaifiyata, wadda muke kira Inna, ita kaɗai a sashenta. Albashina ba ya kai mu ko'ina, ɗan abin da na matse na ajiye kuwa sai ya riƙa narkewa a hannuna. Kuɗin da zai sayi buhun masara da kaka, kafin damina ta sauka ya koma na rabin buhu. Na gwada kiwon tumaki, ɗaya ta ci leda ta mutu, ɗayar kuma ta fita kiwo da safe har yau ba ta dawo ba. Zinari ya fi ƙarfina. Abin da nake nema shi ne jarin da ba ya ci, ba ya sha, ba ya ruɓa, wanda zan jingina da shi in na ajiye alli.

Wata rana ina dawowa daga wajen unguwar Kongo a ƙafa, sai na ratsa ta gaban rumfar wani Alhaji mai sayar da tsofaffin kaya. Akwai tasoshin tagulla, da fitilun ƙwai, da wasu takubba da tsatsa ta gama da su. A gefe guda ga wani faranti cike da kwabbai irin na zamanin Turawa, masu huji a tsakiya, da tauraro a baya, wasu har da rubutun Larabci. Rabona da ganin irinsu tun ina yarinya. Na ɗauki ɗaya na tambayi kuɗinsa don tsokana kawai. Da ya faɗa mini sai na yi dariya.

“Alhaji, kwabo fa na ce, ba akuya ba.”

“Na ji ki, Malama,” in ji shi. “Akwai masu nemansu. Malaman jami'a na saya, baƙi na saya, ɗana ma hotonsu yake ɗauka a waya ya tura har ƙasar waje. Kin ga ba a ƙara buga su, kullum kuma raguwa suke yi, don 'yan gwangwan na kwasa ana narkarwa. Wanda ya riƙe nasa, gaba zai ga amfaninsa.”

Na tsaya na saurare shi da kyau. Ya nuna mini jajaye na jan ƙarfe da farare, ya nuna mini ɗari, wato rabin kwabo, da anini, ya koya mini inda ake duba shekarar da aka buga kowanne, da shekarun da suka fi wuyar samu. Da zan tafi ya ɗaga yatsa ya ce, “Abu ɗaya zan gaya miki. In kin samu, kada ki goge. Wannan baƙin da ya rufe shi, shi masu saye ke so, don shi ke nuna ba a taɓa shi ba. Da zarar an dirje shi ya tashi daga kayan tarihi, ya koma jan ƙarfe, sai dai a ɗora a sikeli.” Kafin in iso gida na riga na yanke shawara.

Ban sha wahalar gane inda kwabban suke ba. Suna hannun tsofaffin mata. Kusan kowace tsohuwa tana da 'yan ƙwayoyi a ƙasan adakarta ko a gindin kwalla, ƙulle a tsumma. Wasu mantuwa ce ta bar su. Wasu kuwa ajiye su suka yi da gangan, saboda in jariri ya yi ƙaton cibi akan ɗora masa kwabo a ɗaure da ƙyalle, wai don cibin ya koma. Sai na mai da kowane suna da kowane biki wurin farauta. In an gama gaisawa an ci abinci, sai in matsa kusa da tsohuwar gidan in ce, “Baba, ko akwai tsohon kwabo a ajiye?” Ba na zuwa hannu rabbana. Sabulu ne, goro ne, ɗan turare ne, wani lokaci kuma kuɗi.

Na sha magana iri-iri. Malaman makarantarmu in sun gan ni da ƙullin tsumma sai su ce bankin Malama ya buɗe. Wata tsohuwa a Gyallesu ta kalle ni sama da ƙasa ta ce, “In ba asiri ba, me za ki yi da kuɗin da ba ya sayen ko ashana?” Ƙawayen Inna na Tudun Jukun ma, waɗanda suka san ni tun ina goye, yawancinsu hana ni suka yi. Sun ɗauka ko dai wani boka ne ya sa ni, ko kuma akwai wata riba mai yawa da nake ɓoye musu. Raina yakan ɓaci, amma ban taɓa fasa tambaya ba.

A hankali gwangwanin madara ya cika, na samo wani, shi ma ya cika. Ina naɗe kwabban a tsofaffin ƙyallaye in tura ƙarƙashin gado. Lokaci-lokaci nakan kai wa Alhaji 'yan kaɗan ya duba mini, kuma duk zuwa sai na ji farashi ya ɗan ɗaga. Ya sha roƙona in sayar masa, ina ce masa waɗannan na ranar tsufa ne. Shekaru suka yi ta tafiya a haka.

Ni ce 'yar farin Inna, saboda haka bakinta bai taɓa furta sunana ba. “Ke” take ce mini, daga baya da sunan unguwa ya zo sai ta samu sauƙi, ta koma ce mini “mai kwabo”. Ba ta yaba mini a gaban idona, ba ta yi mini godiya, ba ta kuma tambayata damuwata kai tsaye. In tana so ta nuna ta ji daɗin abu, sai dai in dawo in tarar ta wanke mini kayan makaranta, ko ta gyara mini ɗaki. Kuma Allah bai yi mace mai tsafta irin Inna ba. Tukwanenta ko gindinsu ba ya baƙi, don kullum sai ta dirje su da toka da tsamiya. Kwanon da za a zuba wa maƙwabta gishiri ma sai ta ɗauraye shi kafin ya fita. A wurinta babu abin kunya kamar baƙo ya ga kayanka da dauɗa. Kwabbaina kuwa tarkace take ce musu, ba ta taɓa tambayar yadda harkar take ba, ni ma ban taɓa zama na yi mata bayani ba.

Sai idonta ya fara ba ta matsala. Da farko zare ne ya ƙi shiga allura, muka ce tsufa ne. Daga nan ta fara tsiyaya shayi a gefen kofi, ta riƙa gane mutane da murya. Ranar da ta yi tuntuɓe da turmi a tsakar gidan da ta share tun tana amarya, ranar na ce ya isa haka. Likita ya duba ya ce yanar ido ce ta rufe idanun biyu, ana iya cirewa, amma kada mu bari ta daɗe. Da aka faɗa mini kuɗin aikin sai da na nemi wuri na zauna. Ƙannena maza suka ce a ɗan jira a ga yadda ƙarshen wata zai yi. Na san irin wannan ƙarshen watan, ba ya zuwa.

Na lissafa abin da ke hannuna, na haɗa da abin da Alhaji ya sha ƙiyasta mini a kan kwabban, na ga za su kai idanu biyu. Ban yi dogon tunani ba. Na ce wa Inna zan sayar da tarkacen nan a yi mata aiki.

“Ni da na ga duniya na ƙoshi,” in ji ta. “Ki bar abinki. Me ya rage da zan gani?”

“Inna, ba shawara na kawo ba. Gobe bayan la'asar Alhaji zai zo ya ga kaya.”

Ta ci gaba da jan carbinta.

Da safe na jawo gwangwanayen, na kwance ƙyallayen, na juye kwabban a babban faranti don kada a ɓata lokaci in ya zo. Na rufe da zane na bari a ɗakina, na tafi makaranta. Ranar har waƙa na yi wa yara a aji, don zuciyata fes take.

Bayan azahar na dawo. Tun daga zaure na ji ƙamshin tsamiya. Ina sa ƙafa a tsakar gida na tsaya cak. An shimfiɗa tabarma a rana, an baza kwabbaina a kai, jajur suna walƙiya kamar garwashi. Inna na zaune a kan kujerar tsugune, ga ƙwaryar jiƙaƙƙiyar tsamiya a gefenta, ga tulin toka, ga soso. Tana riƙe da kwabo ɗaya tana dirza da duk ƙarfinta.

“Mai kwabo ce?” ta ce, ba ta ko ɗago ba. “Zo ki gani. Haka za ki fitar wa baƙo da kaya baƙi ƙirin, ya ce gidan ba mata? Tun fitarki nake kansu. Rubutun ba na ganinsa, amma in ya yi ƙyalli ina ganin wannan, sai in san ya fita in ɗauki wani.”

Abin da ya taso mini fushi ne, fushi mai zafi wanda ban taɓa jin irinsa a kan Inna ba. Yawon shekaru, da baƙar maganar da na haɗiye gida-gida, da idanunta biyu, duk ga su nan a shanye a tabarma. Na buɗe baki zan yi magana, sai idona ya sauka a kan yatsunta. Tsamiya da toka sun cinye fatar, sun yi fari sun tattare, babban yatsan har ya tsage yana ɗan jini. Fuskarta kuwa cike da jin daɗi. Na gane godiyar da bakinta ba zai iya yi mini ba ce take yi da hannu.

“Sannu da aiki, Inna,” na ce. Ban taɓa faɗar maganar da ta yi mini nauyi kamar wannan ba. Na karɓi soson a hannunta na ce ta huta haka nan, sauran sun yi. Na ɗauke farantin da ɗan abin da ya rage ba ta kai gare shi ba, na shige ɗaki na cusa gyale a baki na yi kukana.

Bayan la'asar Alhaji ya yi sallama, na shimfiɗa masa tabarma a zaure, na kawo kayan kashi biyu. Da na buɗe masu ƙyallin sai ya dafe kai.

“Innalillahi! Malama, wa ya yi wannan aikin? Ba na gaya miki ba?”

Na yi masa alama da hannu ya rage murya, amma maganar ta riga ta fita. Ya ɗauki ɗaya ya juya shi a haske, ya nuna mini yadda toka ta karce fuskar kwabon, ta cinye kan rubutun. Ya ce ko da shekara mai wuyar samu ce, mai saye na ganin wannan zai ajiye. Waɗannan sai dai sikeli, ya ɗan ɗora mini wani abu a kai saboda sanayya. Waɗanda ba a wanke ba kuwa ya ce zai saya da daraja.

Nan na share hawayena na gyara zama. Tunda ɓarna ta riga ta auku, abin da ya rage shi ne kada in bar ko anini ya kuɓuce mini. Muka yi ciniki kamar za mu daku. In ya ce kaza in ce albarka, in ya tashi zai tafi in ce ya sauka lafiya, sai ya dawo ya zauna. Na sa shi ya bi wankakkun ɗaya bayan ɗaya, ya ware waɗanda hannun Inna bai ci sosai ba, ya ba su farashi dabam. Har ya ce, “Malama, ke da kasuwa kika shiga da mun rufe rumfa.” Da muka gama na haɗa da abin da ke hannuna. Ido ɗaya ya kama, babu ko ragowar kuɗin mota.

Da na koma ciki na tarar da Inna tsaye a bayan ƙofar zaure, ta dafa bango. Idonta ne ya tafi, kunnenta lafiya lau yake. Ta lallaba ta shige ɗakinta. Tuwon da na kai mata haka na ɗauke shi. Washegari ma ba ta fito shara ba, abin da ban taɓa gani ba in ba ciwo ne ya kwantar da ita ba. Na shiga na zauna a bakin gadonta.

“Ashe ɓarna na yi,” ta ce, fuskarta na kallon bango.

“Ba ki sani ba, Inna. Ido ɗaya ya samu, za a fara da shi. Ɗayan ma za a yi da yardar Allah, ko da zan sake yawon daga farko.”

Na san ba za ta ba ni haƙuri ba, ni ma ba shi nake so ba. Tsorona kada ta ce ta fasa aikin gaba ɗaya, don na san halinta in ta ji kunya.

Ranar Asabar da safe ina wanke-wanke sai na ji ƙarar sandarta. Na waiwaya na gan ta ta yafa babban mayafinta na unguwa, ta sa takalmi.

“Ke, tashi ki kai ni Tudun Jukun.”

Muka hau a-daidaita-sahu. Gidan farko na wata aminiyarta ce tun ta ƙuruciya, wadda ta taɓa korata da cewa ba ta da ko ɗaya. Suka gaisa, suka tambayi jikoki, suka yi jajen waɗanda suka rasu. Sannan Inna ta gyara murya.

“Hajiya, kwabban nan da kike ɗaura wa jikoki a cibi, na san suna nan a adaka. Ɗauko mini.”

“Au, ke ma kin shiga harkar 'yarki?”

“Na shiga. Kuma ki kawo mini su yadda suke, da dauɗarsu. Kada ki kuskura ki sa musu ruwa.”

Tsohuwar ta tafa hannu tana dariya har da riƙe ciki. “Yau na ga abin mamaki! Ke ce da bakinki kike neman abu mai dauɗa?”

“Idona nake nema,” in ji Inna.

Dariyar ta tsaya. Tsohuwar ta tashi, ta shiga ɗaki, muka ji tana jan adaka. Ta fito da ƙulli ta danƙa a hannun Inna. Na miƙa mata sabulun da na zo da shi, ta ture hannuna ta ce in ba na so mu ɓata in mayar da abina. Ta kuma yafa mayafi ta raka mu gida na gaba da kanta. Ƙofofin da na yi shekaru ina ƙwanƙwasawa a banza, ranar suka buɗe. A kowane gida Inna sai ta maimaita gargaɗinta na kada a wanke, tana yi tana ɗaure fuska kamar ita ta ƙirƙiro dokar. Ina biye da ita riƙe da jaka, tausayi da dariya suna kokawa a ƙirjina.

An yi aikin idon dama. Da aka cire bandejin ta daɗe tana ƙifta ido, ta kalli likita, ta kalli taga, sannan ta juyo gare ni. Inna da ba ta haɗa ido da ni, ranar ta zuba mini ido har na tsargu.

“Yaushe kika yi furfura haka?” ta ce.

Na kau da kai, na shiga haɗa mana kaya don kada ta ga hawayena.

Da muka dawo gida ta zauna a tabarma ta ce in kawo mata sabon gwangwanin ta gani. Bai kai rabi ba tukuna, kuma na san da sauran tafiya kafin ya biya idon hagu. Na buɗe na ajiye a gabanta. Ta sa yatsu biyu ta ɗauki kwabo ɗaya, ta kawo shi kusa da sabon idonta, ta juya gaba ta juya baya. Na ga bakinta ya yamutse.

“Subhanallahi, ashe haka suke da ƙazanta.”

Ta mayar da shi a hankali, ta goge yatsunta a gefen zane.

“Rufe ki kai ƙarƙashin gado, kada in ƙara ganinsu. Asabar mai zuwa Gyallesu za mu, akwai wata da ta san ni.”